Farantin Malam: Waiwaye Kan Tsohuwar Dabarar Kwafar Takardu Da Makomar Tarihin Unguwar Gai

Bara waccan, lokacin da maganar iyakar filin nan da iyayenmu suka keɓe domin ginin ɗakin shan magani ta sake tasowa, dattawa suka ɗora wa wasu daga cikinmu nauyin nemo duk wata takarda da ta shafi filin. Neman ya kai mu gidan ɗaya daga cikin sakatarorin farko na wannan ƙungiya, Allah ya jiƙansa da rahama, inda iyalinsa suka fito mana da wani akwatin ƙarfe wanda rabon da a buɗe shi tun ranar sadakar arba'in. A ciki muka tarar da rasiɗai da katunan gayyata da takardun bayanin taro, waɗanda gara ta ci rabonta ta bar mana namu. Can ƙasa kuma, a tsakiyar wani tsohon littafin lissafi na firamare, sai ga wata takarda guda wadda ta sha bamban da sauran. Rubutun hannu ne na boko, mai kyan tsari, amma launinsa shunayya ne, kuma ya koɗe ƙwarai, har sai an karkata takardar wajen haske kafin a ga alamar baƙaƙe.

Matasan cikinmu suka ce ruwa ne ya taɓa ta. Wani ya ce ai biro ne ya tsufa. Da muka kai ta wurin wani tsohon malamin makaranta na wannan yanki, wanda da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla sun sha bulalarsa sun kuma ci moriyar iliminsa, sai ya riƙe ta ya yi shiru. Can ya yi murmushi ya ce, "Wannan ba alƙalami ne ya taɓa ta ba, 'ya'yana. Daga faranti ta fito, kuma ni na haɗa farantin."

Babu wanda ya fahimci abin da yake nufi a cikinmu. Bayanin da ya yi mana a ranar, da ɗan binciken da muka yi daga baya, su ne muka ga ya kamata mu kawo wa 'yan uwa mazauna birane, domin maganar ta fi ƙarfin takarda ɗaya.

Kafin faranti

Ƙasar Rano ba baƙuwar rubutu ba ce. Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya ambaci Rano a zamanin Sarki Yaji, wanda ake ƙiyasta ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Shi kansa littafin ta hanya ɗaya tak ya iso gare mu: wani malami ya zauna ya kwafe shi da hannu, wani ya kwafa daga nasa, har ya faɗa hannun Bature Palmer, wanda ya buga fassararsa cikin Turanci a 1908. Haka kowane littafi yake yaɗuwa a wancan zamani. Mai son Risala ko Ahalari sai ya aro na malaminsa, ya fiƙe alƙalamin kara, ya yi makonni ko watanni yana kwafa. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ce, don a wanke ta aka yi ta. Ta takarda kuwa, wato yambar, da bagaruwa da kashin maƙera ake haɗa ta, kuma in ta kama takarda ta kama ke nan. Takardar ma ba ta arha ba ce. Daga arewacin Italiya ake yo ta, mai tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta, ta biyo ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara a bayan raƙuma. Saboda tsadarta da wahalar aikin, ba a kwafar abin da bai kai a kwafa ba. Saƙon yau da kullum kuwa bai buƙaci takarda ba. In dagaci yana neman jama'a, mai shela ne zai bi unguwa-unguwa bayan magariba, kafin gari ya waye kowa ya ji.

A watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano, kuma mulkinsu mulkin takarda ne. Haraji takarda, jangali takarda, awon gonaki da malaman taki ke yi takarda. Kowace kuma tana buƙatar 'yan uwanta: ɗaya ta zauna wurin hakimi, ɗaya ta tafi birni, ɗaya ta shiga fayil ɗin Di'o. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909 ta fara yaye malaman da za su ɗauki wannan kaya. Makamansu biyu ne, takardar kabon da fensirin nan mai tawada, wanda malami zai lasa kafin ya rubuta, har leɓensa ya koma shunayya. Amma kabon yana da iyaka. Kwafi uku ko huɗu yake bayarwa, na biyar sai mai rubutun kaɗai ke iya karanta shi.

A ɗaya gefen kuma ga maɗaba'a. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairu na 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan a shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna, ta lardin Kano kuwa sunanta Sodangi. Sai dai maɗaba'a ba ta motsawa don kwafi talatin, kuma malamin ƙauye ba shi da kuɗin motsa ta. To, tsakanin kwafi huɗu na kabon da kwafi dubu na maɗaba'a akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan fili ne rayuwar ƙauye take: aji mai yara arba'in, masu unguwanni goma sha wani abu, magidantan da ake son su fito gayya. Wannan gurbi farantin Malam ya zo ya cike.

Labarin galura

Kafin mu je ga farantin, sai mun ɗan ratse ta kan launin, domin shi ne ƙashin bayan dabarar. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, mai suna William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran da ake tatsowa a jikin kwal. Kwinin bai samu ba, sai wani baƙin dasƙare ya fito masa, wanda da ya wanke shi da sinadari ya ba da launin shunayya mai ɗaukar ido. Daga nan aka shiga zamanin rinin kanti, wanda mu muka sani da sunan galura, irin wadda dukawa da masu saƙar tabarma ke saye a kasuwa. Cikin 'yan shekaru masana a Faransa da Jamus suka fito da wasu nau'o'in shunayya masu tsananin ƙarfi, waɗanda ɗan ƙwarya-ƙwaryan garinsu kan rine ruwa bokiti guda. Duk wanda malamin disfensare ya taɓa shafa wa maganin nan da ake kira GV a miki ko a baki, ya san wannan launi, ya kuma san yadda yake kama fata da riga. Dangin wannan rini ne a cikin fensirin malamin haraji, shi ne kuma a jikin takardar da muka tsinta.

Akwai abin lura a nan ga mu mutanen ƙasar Rano. A cikin labarin Hausa Bakwai, inda aka raba wa kowace ƙasa aikinta, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Masana'antun da suka samar da galura su ne dai suka ci gaba da bincike har kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti a 1897, abin da ya karya cinikin baba a duniya, sannu a hankali kuma tasirinsa ya iso marinanmu. Ashe hannun da ya miƙo mana tawadar faranti shi ne ya taimaka wajen rufe karofi.

Yadda farantin yake

Turawa suna kiran dabarar hektogiraf, daga kalmar Girkanci mai nufin ɗari, wai don tana ba da kwafi ɗari. Wannan cika baki ne irin na 'yan kasuwa. Wanda ya samu hamsin masu karantuwa ya yi sa'a. Ana danganta ƙirƙiro ta ga wani mutumin Rasha, Mikhail Alisov, a 1869, kuma kafin shekarun 1880 su yi nisa ta bazu a ofisoshi da makarantun Turai da Amurka, daga can kuma ta bi malamai da 'yan mishan da ma'aikatan mulkin mallaka zuwa sauran duniya. Malam ya ce shi a kwalejin horon malamai ya koye ta, a darasin da ake koya wa ɗalibai haɗa kayan koyarwa da hannunsu, saboda an san inda za a tura su babu lantarki, babu inji, wani lokaci ko allon kirki babu.

Sirrinta jalatin ne. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, domin kowace uwargida ta san shi. In aka dafa ƙafar saniya ko ganda aka bar romon ya kwana da hunturu, da safe za a tarar ya daskare yana rawa, in an taɓa shi da yatsa ya lotsa ya dawo. Wannan abin da ya daskarar da romon shi ne jalatin. Masana'antu suna tatso shi daga ƙirgi da ƙashi, su tace, su busar, su sayar da shi gari ko falle-falle. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ƙiraga da fatu suke cikin manyan kayan da ake lodawa zuwa teku, saboda haka ba abin mamaki ba ne in wani abu daga shanunmu ya je Turai ya dawo mana a cikin kwali. Malam ya ce da ya ji cewa a can har da fatar alade ake yin sa, sai da ya je ya tambayi limamin gari, shi kuwa ya ce masa tun da ba ci za a yi ba, ya dai wanke hannu kafin alwala.

Ga yadda ya kwatanta mana aikin. Za a jiƙa jalatin cikin ruwan sanyi ya kumbura, a zuba masa gilisarin, wato man nan mai yauƙi da mata ke haɗawa da man shafawa lokacin hunturu, wanda yawansa ya ninka na jalatin. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali don kada ya yi kumfa, a ɗiga man kanumfari saboda fumfuna, sannan a juye a faranti mai faɗin takarda, a ajiye a wuri madaidaici ya kwana. Amfanin gilisarin shi ne ya hana haɗin bushewa, ya bar fuskarsa da 'yar danshi kullum. In gari ya waye ka sami wani abu kamar katifar roba, sumul, mai sheƙi.

Sai a rubuta abin da ake so a takarda mai santsi da tawadar galura, a bari ta bushe. A shafi fuskar farantin da jiƙaƙƙen soso, a kifa takardar a kai, a lallaɓa ta da tafin hannu, a jira kamar minti biyu, a ɗaye. Jalatin ya riga ya tsotse tawadar, rubutun yana kwance a jikinsa a juye, kamar yadda ake gani a madubi. Daga nan kuma sai aikin haƙuri: a ɗora farar takarda, a shafa, a ɗaye, ga rubutu ya fito daidai. A ɗora wata. Kowace takarda tana tafiya da ɗan rabonta na tawadar, ba kuma a ƙara wata, saboda haka ta farko takan fito ɓaro-ɓaro, ta ashirin da dama-dama, ta arba'in dishi-dishi. In an gama, ko dai a goge da soso da ruwan ɗumi, ko a bar shi kwana ɗaya ko biyu sauran tawadar ta nutse ƙasa. In fuskar ta yi rauni, a mayar da shi wuta ya narke a sake zubawa. Da haka Malam ya riƙa fitar wa yara taswirar Jihar Arewa da jadawalin sau da tambayoyin jarrabawa, a farkon shekarun 1960, lokacin da littafi ɗaya yara biyar ke leƙa shi.

Babban abokin gabarsa zafi ne. Jalatin yakan fara saki tun zafi bai kai na jikin mutum ba, mu kuwa a nan da bazara ma'auni yakan haura digiri 40. Malam ya ce daga Maris zuwa faɗuwar ruwa sai da asuba yake aiki, farantin kuma a gindin randa yake kwana, kan jiƙaƙƙen yashi, an kewaye shi da toka saboda kiyashi. Ya ce akwai ranar da ya yi sakaci ya bar shi a aji har azahar, da ya ɗora takarda ya ɗaye sai ta taso da rabin farantin, jarrabawar lissafi ta aji huɗu ta zama kunu. A wannan rana yara sun yi murna.

Don kada a ɗauka abin na malaman ƙauye ne kawai, wannan faranti ya taɓa shiga manyan al'amura. Masu adawa da sarakunan Rasha a ƙarshen ƙarni na 19 da shi suke buga takardunsu a ɓoye, saboda ba ya ƙara, ba ya cin wuri, kuma in 'yan sanda sun buga ƙofa ana iya narkar da shi shaida ta ɓace. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, sojojin da Jamus ta tsare a kurkukun Colditz sun yi amfani da jalatin na kayan zaƙin da ake aiko musu, da tawadar da suka samo daga irin fensirin nan, suka kwafi taswirorin da masu gudu za su bi. Yau kusan masu zanen jiki ne kaɗai da wasu masu fasahar zane suka riƙe ragowar dabarar.

Zamanin sitensil

Abin da akasarinmu muka tarar, mu da muka shiga makaranta bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, shi ne injin sitensil. Wani mutumin Hangare mazaunin Landan, David Gestetner, ya yi rajistar dabarar a 1881, sunansa kuma ya bi injin har ofisoshinmu. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, shekarar da kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, makarantu suka cika maƙil, takardun umarni suka yawaita, faranti mai kwafi arba'in ya zama ba ya ko kusa da biyan buƙata. Duk mai babban aiki sai ya nufi Rano ko birni, inda injin yake.

Wanda ya yi aikin ofis a lokacin zai tuna. Takardar sitensil doguwa ce mai rufin kaki. Mai tafireta zai kawar da ƙyallen tawada, ya riƙa dukan baƙaƙe da ƙarfi domin kowane harafi ya huda kakin. In ya cika ƙarfi cikin harafin "o" ya zube ya bar rami, in ya yi kuskure ya shafa wani jan ruwa mai warin jan farce, ya hura, ya jira, ya sake bugawa. Tafiretocin kuma ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, shi ya sa a tsofaffin takardunmu ƙasa da kasa duk ɗaya ne, sai mai karatu ya raba da hankalinsa. Daga nan a ɗaura sitensil a jikin gangar inji, a matsa baƙar tawada mai kauri, masinja ya kama mariƙi yana juyawa, takardu suna faɗowa ɗari biyu, ɗari uku, hannunsa da gaban rigarsa sun yi baƙi ƙirin. Lokacin jarrabawa hedimasta da kansa yake tsayawa a kai, ya tattara waɗanda suka lalace da sitensil ɗin ya ƙone a gabansa, don gudun kada tambaya ta riga ɗalibi zuwa gida.

Wasu makarantu da ofisoshi kuma suna da wani inji na daban, wanda wani Bajamushe, Wilhelm Ritzerfeld, ya ƙirƙiro a 1923, Ingilishi suka san shi da sunan Banda. Shi jikan faranti ne kai tsaye: galurar nan ce dai mai launin shunayya, sai dai maimakon jalatin wani ruwa mai kama da sifirit ke ɗebo ta zuwa takarda.

Ita kanta wannan ƙungiya a bayan injin sitensil ta yi rarrafe. Waɗanda suka fara tara 'yan Unguwar Gai a Kano da Kaduna ba su da ofis, ba su da asusun kirki. Abin da suke da shi shi ne ɗan uwa akawu a wata ma'aikata, wanda zai tsaya bayan an tashi aiki ya buga takardar kiran taro, ya roƙi mai kula da inji ya juya masa hamsin, a raba wa direbobi a tasha su kai wa masu su. Allah ya saka musu da alheri, ya kuma yafe musu takardar gwamnati da suka ara. Injin fotokwafi, wanda Chester Carlson ya gano dabararsa a Amurka a 1938, kamfanin Xerox kuma ya baza shi kasuwa daga 1959, bai zama na kowa ba a wajenmu sai a shekarun 1990. Kafin a ba mu Ƙaramar Hukumar Kibiya a 1996 shagunansa sun fara yawa a birni, injin sitensil kuma ya kama hanyar sito.

Abin da ya rage da abin da ya tafi

Da muka baje kayan akwatin nan a tabarma, sai muka ga wani abu da ya ɗaure mana kai. Akwai wata 'yar wasiƙar ajami ta mahaifin marigayin, wadda ta girmi duk sauran takardun, amma baƙaƙenta suna nan raɗau kamar jiya aka rubuta. Takardun sitensil tawadarsu ba ta gushe ba, domin baƙin gawayi ne da mai, sai dai takardar da ake juya su a kai mai arha ce, mai shan tawada, ta yi ja ta bushe, in an lanƙwasa ta sai ta karye kamar ganyen kuka. Duk abin da aka yi da galura kuwa, na faranti ne ko na Banda ko na fensir, yana kan hanyar ɓacewa, saboda wannan rini ba ya jure haske, kuma ɗigon ruwa ɗaya yana narkar da shi. Ba laifin masu ƙirƙirar ba ne. Don saƙon mako guda suka yi dabarar, mu ne muka ɗora mata amanar shekara sittin.

Maganar filin ɗakin shan magani a nan ta tsaya. Mun sami bayanin taron da ya tabbatar da cewa an ba da filin, har da sunayen shaidu. Amma zanen iyakokin, wanda aka maƙala a baya da allura, da fensir mai tawada aka yi shi, damshin wata damina kuma ya mai da shi tabo guda. Dole aka koma ga dattawa uku da suka halarci awon, aka zaga da su, suka nuna daga wace tsamiya zuwa wace tsamiya. An sasanta, alhamdu lillahi. Ɗaya daga cikin ukun ya rasu kafin azumin da ya biyo baya.

Kada kuma mu yi wa kanmu daɗin baki cewa zamaninmu ya tsira. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, musamman da WhatsApp ya zama zauren taronmu, kiran taro da rahoton kuɗi da hotunan aikin gayya duk a waya suke. Mun tambayi sakatarorin rassa uku su nuna mana bayanin tarukan shekara biyar da suka wuce. Ɗaya an sace wayar, ɗaya ya canja, na ukun ya goge don wuri ya cika. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, suna adana abin da ya shafi gwamnati da sarauta da manyan malamai. Takardar da ta ce wane ya ba da fili, wane ya ba da buhun gero aka sayi kwano, babu mai ajiye ta in ba mu ba.

Sai dai dabarun nan, abin da suka rasa na ƙarko sun rama shi da yawa. Takardar da aka yi hamsin aka raba, da wuya a ce duka hamsin sun hallaka, kuma mafi yawansu ba a gida suka zauna ba, birni aka aika da su. Suna cikin akwatunan iyayenmu a Kano da Kaduna da Legas da Fatakwal. Wanda ya tarar da irinsu, muna roƙonsa kada ya shanya su a rana, kada ya goge su da jiƙaƙƙen tsumma, kada kuma ya kai a manne su cikin leda da zafi, domin in an yi haka ba a iya ceto su daga baya. Ya ɗauki hotonsu a inuwa, ya sa su cikin farar takarda, ya taho da su taron Sallah. An tanadi babban littafi mai bango, inda za a kwafe kowace da hannu a gaban dattawa, a rubuta daga gidan da ta fito, a mayar wa mai ita.

Da takardar Malam muka buɗe littafin. Mun zauna da shi a zaurensa da hantsi, ɗayanmu yana karkata ta, ɗaya yana kiran baƙaƙen da ya gani, shi kuma yana cike gurbi da abin da ya tuna. Ashe kiran gayya ne: ruwa ya rushe bangon aji, ana neman iyayen yara su fito ranar Asabar, mai jaki ya zo da jakinsa da mangala, marar jaki ya zo da kwando ko fartanya. An ba kowane yaro guda ya kai gida, marigayi sakatare kuwa, yana ɗan aji uku, ya sa tasa a littafin lissafi, da alama ya manta bai miƙa ba. A ƙasa akwai jerin magidantan da suka yi alkawarin azara da ciyawa. Mun iya karanta sunaye goma sha ɗaya, a cikinsu har da kakannin mutum biyu da ke zaune a wurin. Sauran layuka shida sun tafi, Malam kuma ya ce ba zai yi wa matattu ƙarya ba, bai tuna su ba. Ya ce daga ganin haskenta tana cikin na ƙarshe-ƙarshen da ya ɗaye, domin manyan aji ake fara ba, kuma na farkon sun fi ta tawada nesa ba kusa ba. Kusan arba'in ya fitar a wannan asuba.